Oksijin a Tsakiya: Abin da Sunan Sinadari Ke Faɗa Kan Maganin Yara

Duk ranar da hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar janye wani maganin ruwa na yara daga kasuwa, kafin a kira magariba saƙonnin murya sun cika wayoyi, daga Tudun Wadar Gusau har Tsafe da Bungudu. Wannan ya ce duk sirof guba ne, a koma jiƙo. Waccan ta ce da gangan ake zuba "kemikal" don a rage mu. Mai kemis kuwa, wanda ya fi kowa kusa da lamarin, sai ya ɗaga kwalba ya haska ta a rana, ya ce: "Nawa orijinal ne Hajiya, ba ki ga yadda yake garau ba?" A watan Afrilun 2024 an yi irin wannan sanarwa, lokacin da NAFDAC ta janye wani rukuni na Benylin na yara, ta ce gwajinta ya nuna wani sinadari ya wuce kima a ciki. Daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu, inda aka haɗa maganin, ta ce nata gwajin bai ga sinadarin ba. To idan ɗakunan gwaje-gwaje biyu masu na'urori za su saɓa a kan kwalba, ina ga idon mai kemis da hasken rana?

Sinadarin da ake wannan hayaniya a kansa shi ne dayatilin gilaikol. A takardun hukuma da na kamfani za ka gan shi a rubuce diethylene glycol, masana kuma kan taƙaita su ce DEG. Ruwa ne mai ɗan kauri, ba launi, ba wani wari, ga ɗan zaƙi a harshe. Masana'antu na aiki da shi wajen haɗa man birki da fenti da roba, kuma can ne muhallinsa. Abin da ya jawo bala'i shi ne a ido da baki bai da maraba da wasu ruwaye biyu da masu haɗa magani ba sa rabuwa da su, wato giliserin da furofilin gilaikol. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa zalla, sai an sami irin waɗannan sun narkar da shi, sun ba sirof kauri da zaƙi. DEG ma yana yin wannan aikin tsaf, ga shi ya fi araha.

Mu a Najeriya ba labari aka ba mu ba. A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da DEG a maimakon furofilin gilaikol, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 abin ya dawo da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa ya yi a Legas. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da mu, yana cikin wuraren da aka riƙa kai yara fitsari ya ɗauke musu. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 suka mutu, kuma a 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, sama da 200 a Indunusiya. Ko Amurka sai da ta rasa mutum sama da 100 a 1937 a kan wannan sinadarin kafin ta yi dokar da ta tilasta gwada magani kafin a sayar. Jihar da ta binne yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 saboda gubar dalma ba ta buƙatar dogon wa'azi kan abin da sinadarin da ido ba ya gani kan yi wa ƙaramin yaro.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da za ka ji har daga bakin wanda ya yi karatun kimiyya a sakandare: "Ai duk gilaikol ne." Wato tunda sunayen sun yi kama, abin ma ɗaya ne. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. Kuma na san inda wannan sakacin ya samo asali. Yawancin ɗalibanmu suna ɗaukar sunayen sinadarai a matsayin dogon Turancin da za a haddace saboda WAEC da NECO, a zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Ba a nuna musu cewa sunan zane ne da aka mayar da shi haruffa. Tun taron Janiba na 1892 masana ke tsara ƙa'idojin raɗa wa sinadarai suna, daga baya ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ta karɓi aikin, kuma manufar ɗaya ce: wanda ya ji suna ya iya zana abin, wanda ya ga zane ya iya faɗin sunan, ko a Gusau yake ko a Tokiyo.

DEG ɗan dangin da littattafai ke kira ether ne, mu ce eta. Babin eta gajere ne a littafin kemistiri, malamai da yawa kan tsallake shi da gudu don su kai ga sabulu da man fetur. Bari mu tsaya a kansa. Sunayen da za su biyo baya zan bar su yadda suke a littafi, tunda da su ɗalibi zai yi arba a takardar jarrabawa.

Kabon hannu huɗu gare shi, oksijin biyu, haidurojin ɗaya. Duk zanen da ya bar wani hannu a sake, ko ya ƙara wa wani hannun da ba nashi ba, kuskure ne. Tambayar da ta raba dangi da dangi ita ce: hannun oksijin biyun nan, wa suka riƙe? Ka dubi titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato. Tsafe a wannan ɓangare, Bungudu a wancan, Gusau a tsakiya, kuma wanda ya taso daga Tsafe zai je Bungudu sai ya ratsa Gusau. A eta oksijin shi ne Gusau: ga jerin kabon ta nan, ga jerin kabon ta can, ba su taɓa juna ba sai ta cikinsa. A dangin alkohol kuwa oksijin kamar ƙauyen da kwalta ta ƙare a cikinsa ne. Hannu ɗaya ya riƙe kabon, ɗayan ya riƙe haidurojin tilo, daga nan babu gaba.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Ɗauki kabon biyu, haidurojin shida, oksijin ɗaya. Idan ka jera su CH3–CH2–OH, ka sami ethanol, sinadarin da ke cikin barasa da kuma ruwan goge hannu da muka saba da shi lokacin korona. Ruwa ne, sai ya kai digiri 78 yake tafasa. Idan ka ɗauki waɗannan kayan dai, ba ƙari ba ragi, ka matso da oksijin tsakiya, CH3–O–CH3, abin da ka samu iska ce, wadda ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai wajen digiri 24 ƙasa da sifili. Dalili shi ne haidurojin da ke maƙale da oksijin yana sa ƙwayoyin alkohol su riƙa jan juna da ƙarfi, eta kuwa ba ta da wannan haidurojin, don haka ƙwayoyinta ba sa riƙe juna sosai. Lissafin atam ɗaya, C2H6O, hali daban. Ɗalibin da ya ƙirga kabon da haidurojin kawai ya ce abu ɗaya ne, shi ne gobe zai ce duk gilaikol ne.

Raɗa sunan ba shi da wuya. Ƙirgan kabon yana da gaɓoɓinsa: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu. Ka tsaya a kan oksijin ka dubi ɓangarorin biyu. Wanda ya fi tsawo shi ne uban gida, shi zai zo ƙarshen suna da cikakken sunansa: methane, ethane, propane. Gajeren kuwa sai a haɗa shi da oksijin a liƙa masa oxy, ya zo a farko: methoxy, ethoxy. Shi ke nan. CH3–O–CH3 ya zama methoxymethane. CH3–O–CH2–CH3 ya zama methoxyethane, kuma a nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, su rubuta ethoxymethane, sun ba ƙaramin ɓangare girman da ba nashi ba. CH3–CH2–O–CH2–CH3 shi ne ethoxyethane. Idan uban gidan ya kai kabon uku, dole a sa lamba a nuna inda aka rataya oksijin: a bakin jeri, 1-methoxypropane, a kabon na tsakiya, 2-methoxypropane. Waɗannan biyun da ethoxyethane duk lissafinsu C4H10O ne, kuma su uku ne kaɗai eta da za a iya ginawa da wannan lissafin. Akwai tsohon salo da har yanzu ake gani a jikin kwalabe, inda ake ambaton ɓangarorin biyu sannan a ce ether, kamar diethyl ether ga ethoxyethane. Duka biyun zane ɗaya suke nufi.

Zane kuma daga suna ake juyowa. Ka fara da ƙarshen sunan, ka jera kabon ɗin uban gida, ka sa musu lamba. Ka rataya oksijin inda lambar ta ce, ka ɗora gajeren jeri a ɗaya hannun nasa. Sai a ƙarshe ka cike sauran hannayen kabon da haidurojin, kana ƙirgawa har kowane ya cika huɗu. Kada ka ba oksijin na tsakiya haidurojin. Hannayensa biyu sun riga sun cika.

Ethoxyethane ɗin nan yana da tarihi. Da shi aka sa majinyaci barci a bainar likitoci ranar 16 ga Oktoba, 1846, a wani asibiti a Boston, lokacin da William Morton ya shaƙa masa tururinsa aka yi masa tiyata a wuya. Digiri 35 kawai yake tafasa, ke nan a watan Afrilu a Gusau, da zafi ke haura 40, in ka bar kwalbarsa a buɗe zai bi iska ba tare da an hura wuta ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta ya kama, shi ya sa asibitoci suka bar shi. Amma magungunan sa barci na zamani irin su isoflurane da sevoflurane duk 'yan gidan eta ne.

Yanzu mu koma kan kwalbar yara. Furofilin gilaikol sunansa na ƙa'ida propane-1,2-diol: kabon uku a jere, OH a kan na ɗaya da na biyu, CH3–CH(OH)–CH2–OH. Giliserin shi ne propane-1,2,3-triol, kabon uku, kowane da OH ɗinsa. Babu oxy a sunan ko ɗaya, babu oksijin a tsakiyar jeri. DEG kuwa sunansa 2,2'-oxydiethanol. Ka warware shi: ethanol, di wato guda biyu, oxy wato oksijin ya haɗa su, lambobin kuma sun ce ta kabon na biyu na kowanne. Zanen ya fito da kansa: HO–CH2–CH2–O–CH2–CH2–OH. Sunan kasuwa ne ya sa suka yi kama da juna. Sunan ƙa'ida bai taɓa cewa 'yan uwa ne na jini ba.

Hanta ce ke nuna girman bambancin. Furofilin gilaikol da DEG duk suna da OH irin na alkohol a bakin jeri, kuma idan suka shiga jiki, akwai sinadaran hanta da ke kama wurin OH ɗin su mayar da shi asid. Idan furofilin gilaikol ne, abin da ke fitowa shi ne asid ɗin laktik, irin wanda tsoka ke samarwa idan mutum ya yi gudu, irin wanda ke sa nono tsami. Jiki ya san shi, yana ƙone shi ya wuce. Idan DEG ne, hanta na yin aikin nan dai a bakin jerin biyu, amma haɗin oksijin na tsakiya yana da taurin kai, jiki ba ya iya tsinka shi. Sai a sami asid mai kai biyu da oksijin a tsakiya, wanda ake kira asid ɗin dayigilaikolik. Shi ne ke taruwa a ƙananan bututun ƙoda ya kashe ƙwayoyinsu. Shi ya sa ciwon ke zuwa da yaudara. Da farko amai ne da ciwon ciki da gudawa, abin da kowace uwa za ta ɗauka zazzaɓin ne bai sauka ba, har ta ƙara wa yaro wani cokalin. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai fitsari ya ragu ko ya ɗauke ɗungurungum, jiki ya kumbura, numfashi ya yi sauri, yaro ya fita hayyacinsa. A lokacin sai wankin ƙoda, kuma kowa ya san wankin ƙodar jariri ba a kowane asibiti ake yin sa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya buɗe sabon saƙon murya cewa eta guba ce. Yajin da ke kicin ɗinki cike yake da su: sinadarin ƙamshin kanumfari, da na zafin citta, da na zafin barkono, kowane yana ɗauke da methoxy a jikinsa. Guaifenesin, wanda ake sa wa a maganin tari da izini don ya tsinka majina, eta ne. Kodin ɗin da gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi a watan Mayun 2018, bayan ya ɗaiɗaita matasan Arewa, bambancinsa da mofin shi ne an cire haidurojin ɗaya daga wani OH an sa CH3, ya koma methoxy. Sunan dangi ba ya wanke sinadari, ba ya kuma kama shi da laifi. Sai an duba zanen gaba ɗaya, da abin da jiki zai mayar da shi.

Akwai kuma iyakar abin da suna zai iya yi. Suna yana gaya maka abin da ya kamata a ce yana cikin duro, ba ya gaya maka abin da ke ciki. A bala'in 1990 da na 2008, abin da aka saya da sunan furofilin gilaikol aka saye shi. Duron da aka liƙa wa takardar ƙarya, ko farfesa ne ya karanta takardar, ƙaryar zai karanta. Maganin wannan ɗaya ne: a gwada kowane duro kafin a zuba, da na'urar da ke mayar da ruwa tururi ta rarrabe sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce DEG kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a giliserin ko furofilin gilaikol da za a sa a magani. Wannan nauyi na kamfani ne da na hukuma, ba na uwar da ke tsaye gaban kanta da yaro a goye ba. Kuma gaskiya sanarwar janyewa sau da yawa ihu ne bayan hari. Ana fitar da ita da Turanci a intanet, alhali kwalbar tana cikin kwandon mai talla a tasha ko a kasuwar ƙauye, inda ba NAFDAC ba, ba Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ba, babu mai leƙawa sai jefi-jefi. Me zai hana a fassara kowace irin wannan sanarwa da Hausa a ranar da ta fito, a karanta sunan maganin da lambar rukuninsa a gidajen rediyon Gusau, a liƙa ta a ƙofar kowane kemis?

Makarantu ma da nasu. A kullum uzurin shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje, kuma gaskiya ne a makarantu da yawa. Amma babin eta ba ya buƙatar ko kwalba ɗaya. Laka da tsinken ashana sun isa: a mulmula manyan ƙwallaye su zama kabon, a shafa wa wasu jar ƙasa su zama oksijin, ƙanana su zama haidurojin, a ce kowane ɗalibi ya gina ethanol, sannan ya wargaza ya gina methoxymethane da kayan nan dai. Yaron da ya yi haka da hannunsa sau ɗaya ba zai sake cewa abu ɗaya ne ba. Ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe su ne gobe za su riƙe ɗakunan magani a asibitocin ƙauye. 'Yan matan Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau su ne za su tsaya gaban allo. Masu karanta kemistiri a Jami'ar Tarayya ta Gusau, daga cikinsu za a sami masu gwada duro. Idan waɗannan suka fita da hadda kawai, to mun tanadi masu sa hannu a kan takardar da ba su iya karantawa ba.

Wani abin da ya kamata iyaye su ji, ko da ba zai yi daɗi ba: fitowar haƙori ba ciwo ba ce da ke buƙatar magani. Yaron da ke zazzaɓi mai zafi ko gudawa a lokacin haƙori, wani ciwon ne daban yake damunsa, sau da yawa maleriya ko cutar ciki, kuma gwaji yake buƙata. Da yawa daga cikin yaran da My Pikin ya kashe, saboda haƙori aka ba su.

Saboda haka a sayi maganin yara a kemis mai lasisi ko a asibiti, a bar na rana da na kwando. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma san cewa lambar rajista shaida ce ta an yarda da maganin, ba shaidar an gwada wannan kwalbar ba ce. Idan yaro ya sha sirof, sannan aka ga amai ya ƙi tsayawa, ko ya yini bai yi fitsari ba, a dakatar da maganin nan take, kada a canza masa wani sirof ɗin, kada a jira gobe. A kai shi babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. A tafi da kwalbar da kwalinta, ko da saura cokali ɗaya ne a ciki. Da ragowar ake gwaji, da lambar rukunin da ke jikin kwali kuma ake bin sawun sauran kwalaben kafin su shiga wasu gidajen.